Yadda na bi sawun kukis ɗin da saƙon imel ya bar min a kwamfutar shago

Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokofi kusa da wata kwaleji, kuma babu abin da ke cinye min riba kamar man janareta. Shi ya sa da zafi ya fara kankama na shiga neman farashin sola. Na cike fom a shafin wani kamfani, na sa imel ɗin shago da lambar wayata. Washegari suka aiko da jerin farashi. Na buɗe da safe, na ga kuɗin ya fi ƙarfina, na rufe. Da la'asar na sake buɗewa don in nuna wa maƙwabcina tela, har muka latsa hoton wata inbata muka karanta bayaninta a shafinsu. Bayan isha'i kuma na ƙara leƙawa a waya ina lissafi.

Da hantsi sai ga kira. Wata budurwa ce, cikin ladabi, ta ce sun lura jiya na buɗe saƙonsu har sau uku, kuma na duba inbata kaza, ko akwai abin da zan so a yi min ƙarin bayani?

Na gode mata na kashe wayar, amma raina bai kwanta ba. Ban ba su amsa ba, ban kira kowa ba, ban ce a sanar da su na karanta ba. Wasiƙa ce aka aiko min, na buɗe ta a shagona da ɗakina, sai ga shi wanda ya aiko ya san sau nawa na ɗauke ta da lokacin da na ɗauka. A ranar kuma duk shafin labaran da na buɗe a kwamfutar, sai in tarar da hoton inbatar nan a gefe tana jirana.

Wani ɗalibi da ya zo buga aikinsa ya ji ina ƙorafi, ya ce, "Malam, kukis ne, ka goge su kawai." Ya nuna min in danna Ctrl da Shift da Delete a lokaci guda. Akwati ya fito a Chrome, na zaɓi a goge tun daga farko, na danna. Nan take aka fitar da ni daga komai. WhatsApp ɗin kwamfuta da kwastomomi ke turo takardu ta cikinsa ya fita. Gmail ya nemi kalmar sirri, sannan ya tura lambar tabbatarwa zuwa wani tsohon layina da ke cikin wayar uwargida a gida. Mutane na tsaye da takardu a hannu, ni ina kiran gida a karanto min lamba. Rabin yini ya tafi a haka. Tallan kam ya ɓace. Bayan kwana huɗu kamfanin suka aiko da saƙon rangwame, na latsa in ga ko farashin ya sauko, kafin magariba inbatar ta dawo gefen labarai. Sara da sassaka ba ya hana gamji toho. A nan na gane na share ɗaki ne na bar ƙofa a buɗe, kuma ban ma san inda ƙofar take ba.

Ranar Asabar ɗan yayata, wanda ke karatun kwamfuta, ya zo hutun ƙarshen mako. Na rufe shago da wuri, muka ja kujeru biyu.

"Kawu, kafin mu goge komai, bari mu fara ganin abin da ke cikin saƙon," in ji shi.

Ya buɗe saƙon a Gmail ta burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin Chrome, ya danna ɗigo ukun nan da ke saman dama, ya zaɓi "Show original". Sai allo ya cika da rubutu birjik, babu hoto, babu kala. Wannan shi ne saƙon a tsirara, yadda ya zo kafin a yi masa ado. Ya danna Ctrl da F ya rubuta img, muka riƙa tsalle daga hoto zuwa hoto: tambarin kamfani, faranti, batir, inbata. Can ƙasa, bayan adireshinsu, sai ya tsaya ya sa yatsa a kan allo. Wani hoto ne da aka rubuta masa width=3D"1" height=3D"1". Ya ce kada 3D ɗin nan ya rikita ni, hanyar da imel ke rubuta alamar daidai ce kawai. Abin lura shi ne girman: ɗigo ɗaya a tsaye, ɗigo ɗaya a kwance, kuma ba shi da launi. Ko za ka shekara kana kallon saƙon ba za ka gan shi ba. Adireshin hoton kuwa dogo ne, akwai kalmar open a ciki, sai wata jelar haruffa da lambobi da ba ta da ma'ana a idona.

Jelar nan ita ce ni. Hoton ba a cikin saƙon yake ba, yana can a uwar garken masu aiko da saƙon, wato babbar kwamfutar da ke ajiye musu kaya. Duk lokacin da na buɗe, na'urata za ta je can ta ce a ba ta hoto mai lamba kaza, kuma ni kaɗai aka aiko wa wannan lambar. Suna ganin an nema, sun san wane ne ya buɗe, da ƙarfe nawa. Sau uku na buɗe, sau uku aka je aka nemo.

Muka duba wasu saƙonnin guda goma: na shagunan intanet, na wata jarida, na masu koyar da sana'a. Mafi yawansu suna ɗauke da irin wannan ɗigon. Ba abin mamaki ba ne ashe. A watan Fabrairun 2021 BBC ta ruwaito cewa kamfanin imel na Hey ya gano kashi biyu cikin uku na saƙonnin da ke shiga akwatunan mutanensa suna ɗauke da ɗigon leƙen asiri. Kafin nan, a 2018, wasu masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun yi rajista da ɗaruruwan masu aiko da saƙonnin talla, suka tarar kusan kashi 30 cikin 100 na saƙonnin suna miƙa adireshin imel ɗin mai karatu ga wasu kamfanoni na daban da zarar an buɗe. Wannan na biyun ya fi tsaya min a rai. Ka ba mutum ɗaya adireshinka, ya raba wa waɗanda ba ka taɓa jin sunansu ba.

Na ce, "To ɗana, ɗigon nan shi ne kuki ɗin?"

Ya ce a'a, kuma bambancin nan shi ne abin da na fi amfana da shi a ranar. Ɗigo ɗan aike ne, yana zuwa ya kai rahoto. Kuki kuwa abu ne da ake bari a wajenka. Wani injiniya mai suna Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, don shafi ya iya tuna wanda ya ziyarce shi. Ɗan gajeren rubutu ne, suna da lamba, shafi ya ba burauzarka ta ajiye, duk ranar da ka koma ta nuna masa. Da shi ne ake barinka a cikin asusunka ba sai ka sa kalmar sirri kullum ba, shi ya sa da na goge duka aka fitar da ni daga ko'ina.

Da na juya bayanin a kaina, sai na ga kamar katin asibiti ne. Katin da ke aljihunka lamba ce kawai a jikinsa. Fayil ɗin yana can cikin kabad ɗinsu, a ciki ake rubuta duk zuwan da ka yi. In ka yaga katin, fayil na nan. In kuma ka dawo riƙe da wasiƙa mai sunanka, sabon kati za a yanka maka a haɗa shi da tsohon fayil. Mahaɗin da ke cikin imel, wato wurin da kake latsawa ya kai ka wani shafi, shi ne wannan wasiƙar.

Ya nuna min da idona. Ya ɗora linzamin kwamfuta a kan hoton inbatar ba tare da ya latsa ba, sai adireshi ya fito a ƙasan allo ta hagu. Ba adireshin kamfanin sola ba ne, na masu aika musu saƙo ne, da kalmar click da wata doguwar jelar. In ka latsa, can za ka fara biyawa a rubuta sunanka, sannan a wuce da kai shafin kamfanin cikin ƙiftawar ido. Da muka latsa muka isa, saman burauza ya nuna adireshin shafin, sai alamar tambaya, sai utm_source da utm_medium=email, sai wata lamba mai tsawo. Ya ce waɗanda suka fara da utm ba sa faɗin ko wane ne kai, suna faɗin ta wace hanya ka zo ne kawai. Doguwar lambar ta ƙarshe ita ce mai sunana.

Muna kan shafin ya danna F12, ya shiga "Application", ya buɗe "Cookies". Ga su nan a jere kamar rajistar makaranta, kowanne da sunansa, lambarsa da ranar mutuwarsa. Akwai _ga, wanda shafuka ke sawa don ƙirga baƙi da Google Analytics. An tsara shi ya yi shekara biyu, amma tun 2022 Chrome ba ya barin kuki ya wuce kwana 400, don haka ranar da na gani ta faɗa cikin shekara mai zuwa. Akwai _fbp, mai kwana 90, wanda mai shafi ke sawa in yana son tallansa ya bi baƙonsa zuwa Facebook da Instagram. Akwai wasu da sunan wasu adireshi dabam da ban taɓa buɗewa ba. Waɗannan su ne kukis na ɓangare na uku: ba na shafin da kake kai ba ne, na dillalan talla ne da ke zaune a shafuka dubbai, shi ya sa suke gane ka a shafin labarai bayan sun gan ka a shafin sola.

Duk wannan daga latsawa ɗaya.

Sai gogewa, amma a wannan karon da zaɓe. Ya rubuta chrome://settings/content/all a wajen adireshi, jerin duk shafukan da suka ajiye wani abu a kwamfutar ya fito. Mako ɗaya kacal da sharar da na yi, amma sun sake taruwa da yawa. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda na sani kuma nake shiga kullum, mu bar shi. Na kamfanin sola, da na masu aika saƙonsu, da duk sunan da ke da ƙamshin talla, mu danna kwandon shara da ke gefensa. Inda na yi shakka sai in tambayi kaina: ina da asusu a nan? In babu, ya tafi. Mafi munin abin da zai faru shi ne a sake tambayata kalmar sirri. Daga nan muka shiga "Privacy and security" muka toshe kukis na ɓangare na uku gaba ɗaya. A cikin sauran burauzoci, Safari ya toshe su da kansa tun 2020, Firefox kuma tun 2022 yake killace kowane kuki a shafin da aka ba da shi. A Chrome kuwa Google ya yi alkawari a 2020 zai kawar da su, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya fasa. Don haka mai Chrome sai ya toshe da hannunsa.

Na ɗauka mun gama. Sai yaron ya ce, "Kawu, wai da me kake karanta imel a nan shagon?"

Da Thunderbird nake karantawa, saboda yana sauke saƙonni ya ajiye, ko netwok ya ɗauke ina iya buɗewa in buga. Ya ce to a nan ainihin abin da nake nema yake. Dalili kuwa, tun Disambar 2013 Gmail ya daina barin hotunan saƙo su zo kai-tsaye. Kwamfutocin Google ne ke zuwa su ɗauko hoton su miƙo maka. Mai saƙo zai san an buɗe, amma ba zai ga lambar IP ɗinka ba, wato adireshin na'urarka a intanet, kuma ba zai iya sa maka kuki ta hoton ba. Manhajar da ke kan kwamfuta kuwa, in aka ba ta dama, da ƙafarta take zuwa, ta nuna lambar IP ɗinka da irin na'urarka, kuma in an miƙo mata kuki tana iya karɓa.

Thunderbird a yadda ya zo ba ya buɗe hotunan waje sai ka yarda. Ni ne da kaina, shekarun baya, na gaji da ganin saƙonni babu hoto, na je na buɗe masa ƙofar. Muka shiga saituna, sashen "Privacy & Security". Ga alamar yarda a kan "Allow remote content in messages", ga wata a kan "Accept cookies from sites". Ya danna "Show Cookies". Wani ɗan akwati ya buɗe, cike da sunayen adireshi. Ban taɓa yawon intanet da wannan manhajar ba, wasiƙu kawai nake karantawa da ita. Ke nan duk abin da ke cikin akwatin nan ta cikin wasiƙu ya shigo, kuma sharar da na yi a Chrome ko kusa da shi ba ta zo ba, domin kowace manhaja da rumbunta. Na daɗe ina kallon jerin. Wasu sunayen na gane su, na saƙonnin da na daina karantawa tun tuni ne. Muka goge su duka, a nan babu abin da zan rasa, muka cire alamun yardar guda biyu.

Wayar ba ta ɗauki lokaci ba. A manhajar Gmail, cikin saitunan asusu, akwai wajen hotuna, muka mai da shi "Ask before displaying external images", muka yi haka a Gmail na burauza ma. Yanzu saƙo yana zuwa babu hoto sai na ce a nuna, ɗan aike ba ya tafiya sai da izinina, ga kuma sauƙin data. Mahaɗin da ka latsa a Gmail na Android kuwa, ko da ka ga kamar a cikin manhajar ya buɗe, rumbun Chrome yake amfani da shi, don haka muka shiga "Site settings" na Chrome ɗin wayar muka yi irin zaɓen da muka yi a kwamfuta. Masu iPhone suna da wata kariya tun iOS 15 a 2021: manhajar Mail tana ɗauko hotunan ta wata hanya ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, sai lissafin mai saƙo ya rikice.

Akwai abin da ya dame ni fiye da kaina. Kwamfutar nan ba ni kaɗai ke zama a gabanta ba. Ɗalibai na shiga imel ɗinsu su buga takardar samun gurbi, masu neman aiki su buga takardar gayyata, wani dattijo ya zo da ɗansa su buga sakamakon asibiti. Duk a burauza ɗaya suke latsa mahaɗansu, kukis ɗinsu na cakuɗuwa da nawa da na wanda zai zauna bayansu. Wanda ya latsa saƙon bashi ko na magani da safe, tallan abin na iya fito wa wanda ya zauna da rana. Amana ce mutane suka ba ni ba tare da sun san sun bayar ba, ni ma ban san na karɓa ba. Tun daga ranar, duk wanda zai shiga imel ɗinsa, tagar baƙo nake buɗe masa, wadda Chrome ke kira "Guest". Yana rufewa, duk abin da aka ajiye ya tafi da ita.

Saura fayil ɗin da ke kabad ɗinsu. Wannan babu maɓallin da zan danna a shagona ya goge shi. Na fara da fita daga jerin masu karɓar saƙo. Tun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙonnin talla da yawa su sa hanyar fita da latsawa ɗaya, shi ne "Unsubscribe" da ke fitowa kusa da sunan mai saƙo a Gmail. Na yi wa duk kamfanin da na san ni na ba shi adireshina. Waɗanda ban san su ba kuwa ban taɓa komai a cikin saƙonsu ba, domin latsawa tana tabbatar musu akwai mai rai a bayan adireshin, sai na tura su kwandon saƙonnin banza. Sannan na rubuta wa kamfanin sola gajeriyar wasiƙa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ba mutum damar janye yardarsa, ya ƙi a yi amfani da bayanansa wajen talla, ya kuma nemi a goge su. Na ambaci dokar, na ce su cire imel ɗina da lambata. Ban yi musu faɗa ba. Budurwar da ta kira ni aikinta take yi, allon da aka sa a gabanta take karantawa, kuma da ba ta faɗa min gaskiya ba da har yau ban sani ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fom ɗin da na cike babu inda na ga an ce za a riƙa ƙirga buɗewata.

Bayan kwana tara amsa ta zo, layi uku, sun ce sun cire. Thunderbird ya nuna ɗan ƙyallen nan a saman saƙon, cewa ya tare wani abu daga waje. Saƙon ba shi da hoton da za a gani, rubutu ne zalla. Na buɗe asalinsa na nemi img, ga ɗigon nan a ƙasan sa hannunsu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Na karanta amsar, ban ce a nuna ba.

Solar dai na saya daga baya, a wajen wani mai shago a cikin gari, na je da ƙafata muka yi ciniki. In saƙon wani kamfani ya zo yanzu da abin da nake so in gani, sai in buɗe burauza in rubuta adireshinsu da hannuna in nemo kayan. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kafin in buɗe wa kwastomomi, nakan leƙa jerin nan na Chrome in cire baƙin da suka shigo cikin mako. Akwatin kukis na Thunderbird ma ina dubawa, har yanzu babu kowa a ciki.